Yadda ake mayar da gajeren labari wasan talabijin na rabin awa: darasi daga gadar Rafin Mujiya

A shekarun 1950 zuwa farkon 1960 akwai wani salon shiri da ya yi tashe a gidajen talabijin na Amurka. Kowane mako labari ɗaya ne, da sababbin 'yan wasa, a fara a gama cikin rabin awa, babu zancen a tara mako mai zuwa. Da yake kullum sai an samo sabon labari, masu shiryawa suka riƙa komawa kan gajerun labaran da marubutan baya suka bari. Aikin a ido kamar mai sauƙi, tunda labari gajere ne kuma lokaci gajere ne. Wanda ya taɓa gwadawa ya san inda gizo ke saƙar: gajeren labari yawancinsa a cikin kan mutum yake faruwa, kyamara kuwa iyakarta fata.

Labarin da ya fi dacewa a koyi wannan sana'a da shi shi ne wanda Ambrose Bierce ya wallafa a 1890, "An Occurrence at Owl Creek Bridge", wato abin da ya faru a gadar Rafin Mujiya. Lokacin yaƙin basasar Amurka ne, wanda aka yi tsakanin jihohin Arewa da na Kudu daga 1861 zuwa 1865. Sojojin Arewa sun tsayar da wani mai gona ɗan jihar Alabama ta Kudu, Peyton Farquhar, a kan gadar jirgin ƙasa, hannuwa ɗaure ta baya, igiya a wuya, saboda ya yi yunƙurin lalata gadar. Aka sake shi ya faɗo, igiya ta tsinke, ya faɗa ruwa, ya kwance hannunsa, ya tsere wa harsasai, ya yini ya kwana yana tafiya a daji har ya iso ƙofar gidansa. Matarsa ta sauko tana murmushi, ya miƙa hannu zai rungume ta, sai ya ji duka a ƙeya. Ashe igiyar ba ta tsinke ba. Duk gudun nan a ransa ya yi shi, tsakanin sakinsa da karyewar wuyansa.

Sau biyu masu kallon talabijin na Amurka suka ga wannan labari a irin shirin da muke magana. A 1959 shirin Alfred Hitchcock ya yi nasa, ya ƙara zance da mutanen da babu su a labarin. Sannan wani darakta Bafaranshe, Robert Enrico, ya yi nasa baƙi da fari, kusan babu magana, wanda ya ci kyautar gajeren fim a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1962, ya kuma ci kyautar Oscar. Shirin The Twilight Zone ya sayi izinin nuna shi, aka sa shi ranar 28 ga Fabrairu, 1964. Na Enrico ne har yau ake nuna wa ɗalibai, kuma daga gare shi yawancin abin da ke biye ya samo tushe.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, warware maganar haƙƙin mallaka. Bierce ya ɓace a Meziko wajen ƙarshen 1913, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, labarinsa ya daɗe da zama na kowa. Amma fim ɗin Enrico da waƙar da ke ciki suna da masu su, haka duk wata fassara da wani ya yi. Ka ɗauko daga asalin labarin, ka fassara da kanka. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan shekarar da marubuci ya rasu. Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka mai son ɗauko labari daga Magana Jari Ce sai ya nemi izini, tsufan littafin bai sa ya zama na kowa ba. In kuma za ka sayar wa gidan talabijin, ko ka saya daga wani, a rubuta sau nawa za a nuna, a wace ƙasa, da intanet ko babu. Furodusan The Twilight Zone, William Froug, ya samu fim ɗin Enrico a kan kuɗin da bai kai rabin na shirya sabon kashi ba, amma izinin na nunawa sau biyu ne kawai. Shi ya sa da aka zo maimaita shirin a wasu tashoshi shekara da shekaru, wannan kashi ba ya cikin jerin.

Alƙalami uku

Buga labarin a takarda, ka samu alƙalami kala uku. Da na farko ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ido zai iya gani: gada, katako, saje, kyaftin, guntun itacen da ruwa ke tafiya da shi. Da na biyu, duk abin da kunne zai ji: tsit-tsit ɗin agogo, umarnin hafsa, ƙarar igwa. Da na uku, duk abin da ke cikin zuciya ko bakin marubuci: tunani, tsoro, tarihin mutum, sharhi. Kala biyun farko sun riga sun zama fim. Aikinka gaba ɗaya yana kan kala na uku, kuma kowane layi a cikinsa hanya uku ce gare shi: ko ka mayar da shi abin gani, ko ka mayar da shi abin ji, ko ka zubar. Hanya ta huɗu, wato ka sa murya daga sama tana karanta tunanin jarumi, ita ce wadda kowane sabon shiga ke rugawa gare ta, kuma ita ke kashe wasa, domin mai kallo yana jin an fara karanta masa littafi sai ya daina kallon fuska.

Ga misali a kusa. Bierce ya ce mutumin yana tsaye a kan katako sai ya fara jin wata ƙara kamar ana dukan uwar maƙera da masaba, tazarar da ke tsakanin duka da duka tana ƙara tsawo, ƙarar tana ƙara kaifi har yana jin kamar zai yi ihu. Ashe agogon aljihunsa ne. Marubuci ya faɗa maka da baki cewa lokaci ya fara miƙewa a kan mutumin. Kai ba ka da baki, sai ka gina shi. Ɗauki sautin agogo na gaske a ɗaki mai shiru, ka lulluɓe makirufo da agogon da bargo don kada bango ya maido da amo. A wajen tacewa ka fara da shi can ƙasa-ƙasa, ƙarƙashin kukan tsuntsaye. Kowane daƙiƙa biyar ka ɗan ɗaga shi, ka ɗan rage tsuntsayen, ka buɗa tazara tsakanin bugu da bugu: daƙiƙa ɗaya, sai ɗaya da rabi, sai biyu. Hoto kuma yana matsowa: kafaɗa, fuska, ido, zufa a gefen kunne. Kada ka nuna agogon sai ƙarar ta kai maƙura. In ka nuna shi da wuri, mai kallo ya san amsar, tsoron ya tafi.

Kashin tsakiya shi ne babbar shawara

Labarin kashi uku ne. Na farko a kan gada. Na uku gudun. Na biyu kuwa komawa baya ne: wata rana da yamma wani soja sanye da kayan 'yan Kudu ya tsaya ƙofar gidan Farquhar ya roƙi ruwa. Matar ta shiga ɗebowa, sojan ya ba maigidan labari cewa 'yan Arewa na gyaran hanyar jirgi, sun iso gadar da ke mil 30 daga nan, an kafa doka duk farar hular da ya taɓa ta za a rataye shi, kuma ambaliya ta tara busassun itatuwa jikin ƙafar gadar, ashana ɗaya ta isa. Bayan duhu ya yi sojan ya juya ya nufi arewa. Ɗan leƙen asirin 'yan Arewa ne.

Enrico ya cire wannan kashi ɗungurungum. A madadinsa ya buɗe fim da takardar sanarwa manne jikin itace, mai ɗauke da dokar ratayewa. Daƙiƙoƙi kaɗan sun yi aikin shafi biyu. Riba a bayyane take: ba a bar gada ba, numfashin mai kallo bai sauka ba. Amma akwai hasara, kuma ya kamata mai shiryawa ya san ya yi ta. A labarin, Farquhar mai bayi ne, mai kishin ɓallewar Kudu, yana mafarkin suna irin na soja alhali bai taɓa shiga fagen fama ba, kuma tarko aka ɗana masa ya faɗa. In ka cire wannan, ka bar mutum kawai mai son rai, wanda kowa zai tausaya wa ba tare da tambaya ba. Dukansu wasa ne mai kyau, sai dai ba wasa ɗaya ba ne.

In ka zaɓi riƙe shi, kada ya wuce minti biyu da rabi, kuma ka ajiye shi daidai inda marubucin ya ajiye: bayan saje ya ɗauke ƙafarsa daga kan katako, kafin jiki ya kai ƙasa. Wurin nan ba a banza aka zaɓe shi ba. Mai kallo na rataye tare da mutumin duk tsawon hirar neman ruwan. Masu mayar da wannan kashi farkon fim don wai labari ya tafi a jere suna samun buɗewa mai sanyi, mutum biyu na hira a kan benci, kuma a talabijin minti biyu na sanyi a farko ya isa a canza tasha.

Akwai wata dabara ta tsofaffin shirye-shiryen da ta rage musu wannan wahala: mai gabatarwa. Hitchcock da Rod Serling, mai gabatar da The Twilight Zone, kan fito na ɗan lokaci kafin wasa su shimfiɗa wuri da zamani. Daƙiƙa 40 zuwa 60 na mutum ɗaya yana duban kyamara zai ɗauke maka bayanin wane yaƙi ne, su wa ke faɗa da wa, wanda in ka cusa shi bakin 'yan wasa zai fito kamar karatun aji. Ga masu kallon da ba su san tarihin Amurka ba wannan ya fi zama dole. Sharaɗi ɗaya: mai gabatarwa ya faɗi wuri da lokaci, kada ya kusanci ƙarshen labari ko da da habaici.

Rabon minti

Rabin awa na talabijin ba minti 30 ba ne. A wancan zamani wasan kansa kan ci wajen minti 25, sauran na talla ne. Tambayi tashar da za ka kai wa adadinsu kafin ka rubuta. A kan minti 25, ga rabon da ke aiki: minti 1 na buɗewa da sunaye, 7 a kan gada, 2 a ƙarƙashin ruwa, 5 a saman ruwa ana harbi, 2 a bakin gaɓa, 5 a daji, 2 da rabi a ƙofar gida, rabin minti na komawa gada. In za ka sa kashin tsakiya, ka ciro lokacinsa daga gada da daji.

Minti bakwai a kan gada zai yi maka kamar ya yi yawa, tunda babu abin da ke faruwa sai shiri. Kada ka rage. A nan ake sayen yardar mai kallo. Ya ga ana jefa igiya kan ƙarfen sama, ana ɗaure ta, ana gwada ƙullin, ana ɗaure gwiwa da idon sawu, ana jera katako. Ya fahimci yadda abin yake aiki: mutumin na tsaye a bakin katako ɗaya, nauyin saje ne a ɗaya bakin ke riƙe da shi, kyaftin zai gyaɗa kai, saje ya matsa gefe. Duk wanda ya ga wannan dalla-dalla, a natse, kamar ana aikin ofis, ya gaskata cewa duniyar fim ɗin ta gaske ce. Da wannan gaskatawar zai bi ka cikin minti 16 da rabi na abin da bai faru ba.

An saba cewa shafi ɗaya na rubutun wasa minti ɗaya ne. Wannan lissafi na wasa mai yawan magana ne. A nan layi guda, "yana gudu cikin daji", zai iya cin minti uku, shi ya sa ƙirgen shafi zai yaudare ka. Riƙe agogo, ka tashi tsaye ka kwaikwayi kowace fitowa da jikinka, ka rubuta daƙiƙoƙinta a gefen takarda. Wurin talla kuma kai za ka zaɓa tun a rubutu, kada ka bar wa ma'aikacin tasha. Wuri mafi kyau shi ne lokacin da saje ya matsa. Na biyu, in dole ne, bayan ya fito gaɓa. Daga shigarsa daji zuwa ƙarshe kada a yanke, domin tallan sabulu a tsakiyar wannan tafiya zai farkar da mai kallo ya fara lissafi, in ya fara lissafi kuwa zai gano.

Alamun da ake binnewa

Wasa mai juyi a ƙarshe yana da ramuka biyu. In babu wata alama a hanya, mai kallo zai ji an cuce shi, ya ce ashe mafarki ne kawai. In alamu sun yi yawa, tun minti na goma ya gama sanin inda aka dosa. Bierce ya zuba nasa da awo. Da mutumin ya taso saman ruwa yana ganin jijiyoyin kowane ganye, da ƙwarin da ke kai, da launin raɓa a kan ciyawa, har yana hango launin idon mai harbinsa daga kan gada, abin da idon ɗan Adam ba zai iya ba. Hanyar dajin miƙaƙƙiya ce fetal, babu gona, babu gida, ko haushin kare babu. Wuyansa na ciwo ya kumbura, harshensa ya fito, idanunsa sun ƙi rufuwa, ƙafarsa ta daina jin ƙasa. Wanda ya sake karantawa zai ga siffar ratayayye ce ake ba shi tun da daɗewa.

Zaɓi uku ko huɗu, kowace ka ba ta fassara ta biyu da mai kallo zai kama da kansa. Ganin ganye da gizo-gizo a kusa sosai, zai ce murnar tsira ce. Shafa wuya, zai ce ai igiya ta goge shi. Hanya babu kowa, zai ce yaƙi ya kori mutane. Alamar da ba ta da irin wannan mafaka, kamar taurarin da suka sauya tsari, ajiye ta sai minti uku na ƙarshe. Idan ka haɗa fim, samo mutum biyar da ba su san labarin ba, ka tsayar a minti na 18, ka tambayi kowa shi kaɗai me yake zaton zai faru. In fiye da ɗaya ya gano, cire alama guda. In bayan an gama babu wanda ya ce "shi ya sa ya riƙa taɓa wuya", ƙara guda.

Igiya da ruwa

Nan ne ake rasa rai in an yi ganganci, don haka babu sassauci. Ɗan wasa ba ya faɗowa daga ko'ina da wani abu a wuyansa, ko da na wasa ne. Igiyar da ake gani a wuya a yanke take ta baya, an haɗa bakin da zare siriri wanda yaro ma zai tsinka. Faɗowar kanta da yanka hoto ake yinta: takalmin saje yana matsawa, bakin katako yana ɗagawa, fuskar jarumi tana fita daga hoto ta ƙasa alhali durƙusawa kawai ya yi a kan katifa, igiya tana miƙewa, sai ruwa ya fantsama. Abin da ke faɗawa ruwa daga nesa mutum-mutumi ne. Cika shi da yashi kilo 25 zuwa 30, mafi yawa a ƙugu da ƙafafu. Wanda aka cusa wa tsumma kaɗai iska za ta riƙa kaɗa shi, kowa ya gane. Shi ne kuma za ka rataya a hoton ƙarshe. In har akwai hoton kusa da ke bukatar ɗan wasa a sama, ɗamarar masu hawa dogon gini zai sa a ƙarƙashin riga, nauyinsa a kan wata igiya dabam ta baya, ƙwararre na riƙe da ita, kuma a sauke shi bayan kowace ɗauka, domin ɗamarar na tare jini a cinya in an daɗe. Gadar da jirgi ke bi har yanzu ba wurin aiki ba ce. Nemi wadda aka daina amfani da ita, ko ka gina guntun gada na katako mita huɗu a bakin ruwa don hotunan kusa. Kayan soja da bindigogin roba kuma a sanar da 'yan sanda da mai unguwa a rubuce kafin ranar.

Hotunan ƙarƙashin ruwa a tafkin wanka ake yinsu. Rataya baƙin yadi a bangon tafkin don ɓoye tayil, ka bar haske ya sauko daga sama kaɗai, ka watsa ɗan ganye da ƙananan itatuwa. Igiyar hannu naɗe take kawai, bakinta na cikin tafin ɗan wasa, yana buɗe hannu ta warware. Kowace ɗauka kada ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, da gwanayen iyo biyu a cikin ruwan, da alamar hannu da aka yi yarjejeniya a kai wadda ke nufin a fito da ni. Minti biyun da kake nema daga gutsattsari 15 zuwa 20 za a haɗa shi.

Na saman ruwa dole sai kogi. Je ka ga masuntan wurin tun mako guda kafin aiki, su suka san inda rami yake, inda ruwa ke juyawa, da ko akwai kada ko dorina. Ɗauki biyu da kwalekwalensu su tsaya ƙasa da inda ake ɗauka. Ruwan da ke kwance mai dodon koɗi a gefe yana iya ɗauke da tsargiya, a guje shi. Harsashin da ke faɗawa ruwa tsakuwa ce ake jefawa daga bayan kyamara, nesa da fuskar ɗan wasa, ƙarar a sa daga baya. Na igwa, buhun yashi ake sakewa daga kwalekwale. A ɗinka kayan jarumi kala ɗaya har uku: busasshe na gada, jiƙaƙƙe na ruwa, yagagge na daji. Masu zuwa da guda ɗaya kan ƙare da zaman jiran riga ta bushe rana na tafiya.

Asuba ita ce lokacin gada, kuma hasken nan mai laushi bai fi minti 30 zuwa 40 ba. Minti bakwai na fim ba ya samuwa a asuba ɗaya. Ware uku a jere: hotunan nesa da fari kowace rana, na kusa daga baya, tunda fuska ana iya yi mata inuwa da farin yadi a sama ko rana ta ɗaga. Yammacin waɗannan ranaku a yi daji. Ƙara rana ɗaya ta tafki, ɗaya ta kogi, ɗaya ta ƙofar gida, kwana shida ke nan. The Twilight Zone kan ɗauki kashi cikin kwana uku, amma yawanci a cikin sutudiyo ne, inda rana ba ta faɗuwa.

Kamannin da, da sautinsa

In kana son baƙi da fari, ɗauka da launi amma ka mayar da allon dubawa baƙi da fari tun a wurin aiki. Ja da kore masu nauyi ɗaya kan zama toka iri ɗaya, sai ka ga rigar jarumi ta narke cikin ganye. Gwada kowane yadi a kyamara kafin a kai wa tela. Fuska mai duhun fata a gaban sararin sama mai haske takan zama inuwa zalla, saboda haka a auna haske a kan fuska, a riƙe farin allo daga ƙasa yana maido da haske cikin ido. Tsohuwar talabijin allonta 4:3 ne, wato faɗinsa bai fi tsayinsa da yawa ba, kuma ƙarami, shi ya sa masu aikin da suka dogara da hoton kusa. Wayar hannu ta dawo da wannan matsala, maganin ma bai sauya ba.

Inda wutar lantarki ke bugawa sau 50 a daƙiƙa, kamar Najeriya da Nijar, ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, in ba haka ba fitilu za su riƙa ƙyaftawa. Wurin da kake son motsi ya yi nauyi, ɗauki 50 ka kunna a 25. Muryar hafsa mai ba da umarnin harbi, in ka rage saurinta da rabi za ta yi kauri ta ja kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Enrico ya yi wannan, kuma yana aiki ne domin sau ɗaya aka yi. A kowane wuri, kafin a tashi, kowa ya yi shiru a ɗauki minti ɗaya na sautin wurin, da shi ake cike giɓi a wajen tacewa. Tambayi tasha ma'aunin ƙarfin sautin da take karɓa, don kada na'urarsu ta danne maka ƙarar ƙarshe wadda duk fim ɗin ke jiranta.

Gudun ƙarshe da dogon gilashin kyamara ake ɗaukarsa, milimita 200 ko fiye, kyamara na nesa kamar mita 60 zuwa 80, jarumi na tahowa kai tsaye gare ta. Irin wannan gilashi na matse nisa, sai a ga mutum na gudu iya ƙarfinsa amma ba ya matsowa. Abin da ke ɓaci a nan shi ne kaifin hoto, don yana tahowa yana fita daga inda aka saita. Kafa ƙananan duwatsu kowane mita biyar, mai juya gilashi ya yi alama a kan kowanne, a gwada sau uku da tafiya kafin a yi da gudu. Matar kuma a ɗauke ta tana saukowa, a hankali, a maimaita saukowar sau biyu ko uku a wajen tacewa, kowane karo daga ɗan baya kaɗan, yadda tazarar ba ta ƙarewa.

Hannunta na isa wuyansa, ka yanke. Kada ka narkar da hoto cikin hoto, kada allo ya yi fari a hankali, kada kiɗa ya yi gargaɗi. Kansa ya fizge baya na kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, ƙara guda busasshiya, sai gada daga nesa, da hasken asubar nan da aka fara da shi, jiki na lilo a ƙasanta. Kiɗa ya mutu tare da yankan. Abin da ya rage a kunne ruwa ne da tsuntsayen farko, waɗanda agogo ya danne ɗazu. Riƙe wannan hoto daƙiƙa 20 zuwa 30, kyaftin ya sallami sojoji su juya su tafi a jere, sannan sunaye su fara hawa a kan ruwan.